Bashin Gwaggo Tumba

A bayan ɗakin girki, nan Mabera,
inda ruwan wanke-wanke ke kwana,
na tona rami uku da guntun hauya,
na zuba irin da na sayo a leda,
mai hoton kabewa sumul, kamar an shafe ta da mai.
Ta tsiro, ta yi yaɗo, ta haihu jibga-jibga.
Muka yanka, sai ruwa.
Luba ta ɗanɗana taushen, ta aje ludayi:
"Wanga duma ne ya aro riga."

Daren nan harshena ya tafi Wurno ya bar ni.
Ya je neman kabushin kakata Ige,
ɗan ƙarami, mai wuya kamar buta,
baya roɗi-roɗi kamar zabo,
ciki jawur,
wanda ke narkewa a tukunya tun ba a roƙe shi ba.

Na bi 'yan gwari rumfa-rumfa.
Wani yaro ya yi dariya:
"Baba, wannan ya bi masu shi."
Sai wani mai lodin albasa, yana ɗaure buhu,
ya ce ba tare da ya ɗago ba:
"Bayan Wurno akwai wata tsohuwa. Gwada."

Na iske ta tana ɓarar gyaɗa.
"Jikan Ige? Mi kaka biɗa?"
Ta miƙe a hankali, gwiwa na ƙara,
ta sauko da gyanɗama daga rataye,
ta cire totuwar da ta toshe bakinta,
ta zazzage toka a faifai.
Ga su nan kwance, farare, suna barci.
Na kai hannu aljihu.
"Mai da kuɗɗinka. Ba a sai da shi.
Ni ma ba ni aka yi.
Bakwai na ranta ma, ka maido sha huɗu."

Na jira har ruwa ya zauna.
Kaza ta tone biyu.
Ɗaya bai farka ba.
Akuya ta yi buɗa-baki da biyu.
Biyun da suka rage na kewaye su da ƙaya,
ina leƙa su kafin in yi alwala.
Fure ya buɗe da asuba, ruwan ɗorawa,
hantsi ya yi, ya tsuke baki, ya faɗi.
Gobe haka. Jibi haka.
Ba ɗa, ba alamar ɗa.

Ashe yaɗon ya kama katanga,
ya haura gidan Arzika mai faci,
wanda shekara biyu ba mu gaisa ba
saboda rigimar indararo.
Saiwa tana gidana, ni ke ban ruwa,
ita kuwa ta tafi inda ban aike ta ba.

Wata la'asar aka yi sallama.
Arzika ne, da abu a kafaɗa,
hannunsa duk baƙin taya.
"Ɗiyarka ta haihu gidana," ya ce. "Huɗu.
Na yi masu gammo kada su taɓa ƙasa."
Na rasa ta cewa, na ce ya shigo.

Ranar ba wanda ya yi magana a kan tabarma.
Luba ta zuba, ta ƙara.
Arzika ya suɗe yatsa biyar,
ni kuwa na ji Ige tana tari a bayan zana.

Na shanya 'ya'yan a inuwa,
na birkice su da toka,
na ƙulle sha huɗu a ƙyalle, na hau mota.
Gwaggo Tumba ta ƙirga sau biyu,
ta ɗauki ɗaya ta gatsa.
"Wanga holoƙo na. Saura guda.
Baɗi ka dawo."

Na ga ƙwayar, cike take fal,
tsakanin haƙoranta biyun da suka rage.
Na ce, "To, Gwaggo."